Wai laifi ne ka kama kifi ka mayar da shi ruwa? Amsa ga ɗan uwanmu da ke Jamus

Wani ɗan uwa da ke karatu a Jamus ne ya turo tambaya, yace abokinsa Bajamushe ya ɗauke shi kamun kifi da fatsa a wani tafki, Allah ya basu sa'a suka kama wani ƙaton kifi, shi yace a mayar da shi ruwa tunda dai ba yunwa ce ta fito da su ba, sai abokin yace a'a, anan hakan zai iya jawo musu shari'a, gara a kashe a tafi da shi gida. Abun ya ɗaure masa kai don a bidiyoyin 'yan Amurka da Ingila kullum sakin kifin yake gani ana yi har ana yaba musu. Yana so ya san ina gaskiyar take, kuma su masu fatsar me suke cewa akan waɗannan dokoki na kare dabbobi.

To malam abokinka bai maka ƙarya ba. Ni harkar ruwa da kifi ita ce sana'ata kuma ina jefa fatsa da kaina, so maganar nan ta dame ni sosai, ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Dokar kare dabbobi ta Jamus tun a sashe na 1 tace babu wanda aka yarda ya jawo wa dabba ciwo ko wahala ko lahani ba tare da dalili mai ma'ana ba, sashe na 17 kuma ya sa hukuncin ɗauri har shekara 3 ko tara ga wanda ya kashe dabba mai ƙashin baya ba dalili ko ya azabtar da ita sosai. Kifi yana da ƙashin baya, kaga ya shiga ciki kenan. A 2002 ma sai da suka sa kare dabbobi a cikin kundin tsarin mulkinsu, sashe na 20a. Ita dokar ta tarayya bata fito tace kar a saki kifi ba, fassarar da kotuna da masu gabatar da ƙara suka yi wa wannan dalili mai ma'ana ɗin ce ta kawo haka. A wajensu dalilin da aka yarda da shi na soka wa kifi ƙugiya a baki shi ne ci, ko kuma kula da yawan kifin da ke ruwan. Nishaɗi kawai, ko son hoto, bai isa dalili ba. Wato in ka fito daga gida da niyyar duk abun da ka kama zaka sake shi, to a idon doka ka wahalar da dabba a banza. Jamus kuma jihohi 16 ne kowacce da dokar kamun kifinta, wasu irin su Bavariya sun fi wasu tsanani akan mayar da kifin da ya kai girman ɗauka.

Kuma fa ana kai ƙarar, ba tsoratarwa bace kawai. Ƙungiyar PETA mai rajin kare dabbobi ce kan gaba, bibiyar hotunan mutane suke a jaridu da Facebook. Masu kallon ƙwallo zasu tuna Klaus Augenthaler, tsohon mai tsaron bayan Bayern Munich da ya ci kofin duniya na 1990, a 2016 ya kama wata tarwaɗar Turai mai tsawon sama da mita 2, ya ɗau hoto da ita ya mayar ruwa, sai kuwa suka maka shi ƙara. Suwizalan ma haka, dokarsu ta 2008 ta hana fita fatsa da niyyar sakin kifi ƙarara, ta kuma ce sai mutum ya yi kwas ya nuna ya san yadda ake riƙe kifi da yadda ake kashe shi. A Zurik a da har lauya gwamnati ke da shi mai tsaya wa dabbobi a kotu, sunansa Antoine Goetschel, a 2010 ya tsaya wa wani kifi mai kimanin kilo 10 akan mai fatsar da ya ɗau kusan minti 10 yana fama kafin ya fito da shi. Kotu ta wanke mai fatsar, a watan Maris na shekarar kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama akan a samar da irin wannan lauya a duk faɗin ƙasar, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce basa so.

Yanzu tsallaka Ingila ka ga kishiyar haka. Dokarsu ta walwalar dabbobi ta 2006 ta cire kamun kifi na yau da kullum daga cikinta gaba ɗaya, kuma a tsakanin masu fatsar tafkunansu wanda ya kashe babban kifin kaf shi ne abun kunya, ana iya korarsa daga kulob. Akwai wata kifanyar kaf da suka sa wa suna Benson a wani tafki kusa da Pitaboro, ta kai kusan kilo 29, an kama ta sama da sau 60 ana saki kafin ta mutu a 2009, jaridu har labarin mutuwarta suka buga. A Wels kuwa tun 2020 duk kifin salmon da ka kama a kogi dole ka sake shi saboda sun yi ƙaranci. Amurka can ne ma abun ya yi jijiya, jihar Mishigan ta fara gwada shi a 1952, sannan Ray Scott mai gasar kamun kifin bas ya shigo da sakin kifi cikin gasarsa a 1972 daga nan ya bazu ko'ina. Filorida tun 2013 kifin tafon kama ka saki ne, kuma in ya wuce inci 40 ba a yarda ma ka ɗaga shi daga cikin ruwa ba. Aiki ɗaya ne fa, a Landan yabo a Munik ƙara.

To me masu fatsa ke cewa? Kar ka ɗauka bakinsu ɗaya, ba haka bane. Amma mafi yawan waɗanda ke adawa da irin tsarin Jamus hujjarsu ta farko ita ce doka tana cewa don tausayin kifi ne amma ƙarshenta kifin mutuwa yake, alhali da an bari da ya koma ya ci gaba da rayuwarsa. Suna kuma nuna wani tufka da warwara da ni ma na yarda akwai shi. A Jamus ɗin nan dai in kifi bai kai tsawon da aka ƙayyade ba, ko lokacin hayayyafarsa ne, to dole ne ka sake shi, riƙe shi ne laifin. Kenan kifi ɗaya, ƙugiya ɗaya, ciwo ɗaya, in ya gaza da santimita ɗaya sakinsa wajibi, in ya wuce da santimita ɗaya sakinsa na iya zama laifi. Abun da doka ke aunawa anan zuciyar mai fatsa ce, shi kuwa kifin da ke rataye a ƙugiya bai san niyyar kowa ba.

Hujja ta biyu ita ce ta fi ƙarfi a wajena, manyan kifaye. Galibi ƙaton kifin da ka gani a irin waɗannan ruwaye mace ce tsohuwa, kuma ƙwan da take zubawa ba daidai da nauyinta yake ƙaruwa ba, ya fi haka. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna macen kifin kod ɗaya mai kilo 30 ta fi mata 28 masu kilo bibbiyu yawan ƙwai, duk da su in ka haɗa su sun kusa ninka ta a nauyi. In ka tilasta wa kowa ya kashe babban da ya kama kamar ka yanka kazar da ke maka ƙwai ne ka zauna jiran 'yan tsaki. Masana irin su Robert Arlinghaus na Balin sun daɗe suna wannan magana, kuma an fara saurarensu, Hambug a 2019 ta kawo tsarin da ke da iyaka biyu, ƙarami sosai a sake shi babba sosai ma a sake shi, na tsakiya ne na tukunya. Suwizalan ma a 2014 hukumomin tarayya sun fitar da bayani cewa mai fatsa zai iya sakin wani kifi in ya ga hakan ya fi wa ruwan amfani, matuƙar dai ba da niyyar sakin komai ya fito ba.

Sai kuma ƙorafin da zaka ji a bakin kusan kowane mai fatsa, wai me ya sa mu. Jiragen kamun kifi na duniya suna kwaso kusan tan miliyan 90 duk shekara, kifin nan a matse yake mutuwa cikin taru ko a kan bene yana haki har ya ƙare, ba mai bugun kansa ɗaya bayan ɗaya, amma mutum ɗaya da sandarsa a bakin tafki shi ne mai sauƙin kamawa don ya sa hoto a intanet. Suna kuma cewa kuɗinsu ne ke riƙe da koguna, a Amurka tun 1950 akwai haraji akan kayan fatsa da ake zuba wa gyaran ruwaye, a Jamus kulob-kulob ɗin masu fatsa ne ke hayar ruwa suna kula da shi suna share shi. Kuma sun san PETA ba gyaran kamun kifi take nema ba, ta faɗa da bakinta so take a daina gaba ɗaya, shi ya sa duk wata sabuwar ƙa'ida suke mata kallon matakin farko ne na rufe su.

Amma akwai inda nake rabuwa da 'yan uwana masu fatsa, wato masu cewa ai kifi baya jin komai. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbara sun gano jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni a fuska da leɓen kifin tirawut. Suka yi wa wasu allurar dafin ƙudan zuma wasu ruwan tsami a leɓe, kifayen suka riƙa saurin numfashi, wasu suna rangaji a ƙasan tanki, wasu suna goga leɓe da tsakuwa, suka ƙi cin abinci na kusan awa 3. A ɗaya gefen James Rose na jami'ar Wayomin, daga baya kuma Brian Key na Ostareliya, sun ce ɗaukar saƙon rauni daban jin zafi daban, kifi bashi da ɓangaren ƙwaƙwalwar da mu muke jin zafi da shi. Har yanzu ana wannan muhawara, amma yawancin masana walwalar dabbobi sun karkata ga cewa kifi yana jin wani abu mara daɗi, ko da ba irin namu bane sak. Ni kam bana jiran a gama gardamar. Duk wanda ya taɓa riƙe kifin da ya gama fama, ya ga yadda marfin gefen kansa ke buɗewa yana rufewa da sauri, jikinsa ya saki, launinsa ya dusashe, ya san dabbar nan ta sha wuya. Mai fatsar da ya tsaya akan cewa kifi kamar itace yake, shi ke miƙa wa abokan adawarsa sanda.

Kuma ba duk kifin da ya yi iyo ya tafi bane ya rayu, nan ne mutane ke yaudarar kansu. Wani nazari na 2005 da ya tattara bincike masu yawa ya samu matsakaicin mutuwa bayan saki kusan kashi 18 cikin 100, amma tazarar daga sifili ce har sama da kashi 90, ya danganta da irin kifin da yadda aka yi da shi. Babban mai kisa shi ne inda ƙugiya ta shiga. In a leɓe ne yawanci ba komai, in ya haɗiye ta ta kama maƙogwaro ko jan naman nan da yake numfashi da shi to sai dai wani ikon Allah, kuma tana ko ɗan kifi a ƙugiya sun fi sa haɗiya akan abincin roba. Na biyu iska. A 1992 wasu masana biyu a Kanada, Ferguson da Tufts, sun gajiyar da tirawut kamar yadda fatsa ke yi, waɗanda ba a fitar daga ruwa ba kashi 88 suka rayu, waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30 kashi 62, masu daƙiƙa 60 kuwa kashi 28 kacal. Minti ɗaya fa malam. Yanzu tuna bidiyoyin da kake gani, a fito da kifi a ajiye a ƙasa, a nemo waya, a gyara hula, a ɗauka, a ce bai yi kyau ba a sake, aboki ma ya karɓa ya ɗauka. Wannan ba jinƙai bane, kisa ne da ba a ga gawa ba, kuma irin su ne suka jawo wa sauran masu fatsa baƙin jini. Zafin ruwa ma yana ƙara abun don ruwan ɗumi iskarsa kaɗan ce, shi ya sa a Montana in kogi ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere sai a hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Kifin da aka jawo daga zurfi kuma jakar iskar cikinsa kumbura take har ka ga tumbinsa ya leƙo ta baki, in ka jefa shi haka yawo zai yi a saman ruwa tsuntsaye su cinye, don haka a tekun Meksiko ta ɓangaren Amurka a 2022 aka wajabta wa mai kamun irin waɗannan kifaye ya riƙe na'urar mayar da su ƙasa ko allurar sace iskar.

Ga yadda wanda ya san abun da yake yi ke sakin kifi. Tun a gida ya matse kunnen ƙugiyar da filaya don ta zare ba tare da yaga nama ba, igiyarsa mai ƙarfi ce don kar faman ya yi tsawo. Kifin ya iso, ya tare shi da koma mai laushi ya bar shi a cikin ruwan, ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi don busasshen hannu yana kwashe yauƙin jikin kifi, wannan yauƙin kuwa shi ke kare shi daga cuta. Baya sa yatsa a gefen kan, baya rataye babban kifi ta baki, hannu ɗaya ƙarƙashin ciki ɗaya wajen wutsiya. In ƙugiyar ta yi nisa baya tono, yanke igiyar yake kusa da baki. In hoto ne mai wayar ya gama shiri tukun, a ɗaga a ɗauka a mayar, ruwa na ɗiga daga jikin kifin. Sai ya riƙe shi a miƙe kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, zaka ji jikin yana dawowa a tafin hannunka a hankali, har ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa. In kuwa jini na zuba daga wajen numfashin ko ya kasa tsayuwa yana juyewa, to a buga masa a ka a gama da shi a kai gida a ci, matuƙar doka ta yarda a ɗauki irinsa. Irin wannan nake so doka ta riƙa dubawa, wace ƙugiya, minti nawa, wane zafin ruwa, wane girman kifi, don su ne ke raba wanda zai rayu da wanda zai mutu, kuma su ana iya koyar da su ana iya ganinsu da ido, ba kamar niyya ba.

Duk da haka ba zan ce Jamusawa basu da abun faɗa ba, akwai masu fatsa da yawa a cikinsu da suka yarda da dokar har zuciya, suna cewa kifi abinci ne ba abun wasa ba, ka kama wanda zaka ci ka naɗe igiyarka ka tafi. Mutanen Yupik na Alaska ma haka suke kallon baƙin da ke zuwa kogunansu suna kamawa suna saki, a wajensu wasa da abinci ne da raina kyautar da aka baka. Kuma in ka duba tunanin namu ya fi kusa da nan. Je ka gaya wa Basarke a Yawuri cewa ka wuni a kan ruwa ka kama giwan ruwa ka sake ta, kallon mara hankali zai maka. A Risala ma an ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal, ga kuma hadisin da ke cewa Allah ya wajabta kyautatawa akan komai har a wajen yanka. So damuwar da ka ji a ranka ta ɓangare biyu duk tana da tushe. Sai dai mu hanyar da muka gada ta kare kifi ita ce rufe ruwa, kamar Matan Fada a Argungu da Sarkin Ruwa ke hana su a cikinsa sai lokacin biki, kifi ya samu ya girma ya hayayyafa. Abun da ke cinye ruwayenmu ba fatsar nishaɗi bace, taru mai ƙananan ido ne da ke kwashe har 'ya'yan kifi, da gidan sauro da aka mayar koma, da masu zuba guba irin gamalin. Inda ake kama-ka-saki a kusa da mu yawanci na 'yan yawon buɗe ido ne, irin masu zuwa kamun giwan ruwa a tafkin Nasser na Masar da kogin Faro a Kamaru.

Kai kuma da kake can, kar ka sake riƙe sandar fatsa sai ka tabbatar kana da izini, don a yawancin jihohin Jamus sai ka yi kwas ka ci jarabawa kafin a baka lasin, bayan lasin kuma akwai takardar izinin shi wannan ruwan daga kulob ko mai shi, kamun kifi ba izini laifi ne mai zaman kansa. Ka nemi ƙa'idar jiharku da ta ruwan, a jikin takardar izinin zaka ga tsawon da aka yarda da watannin da aka hana kowane kifi. Ka fita da niyyar kama na ci, da kayan aunawa da ɗan kulki da wuƙa, don in zaka ɗauka doka tace ka fara sumar da shi da bugu a ka sannan ka soke zuciya ko ka yanke wajen numfashin nan take, ba a barinsa yana birgima a leda. Kar ka sa ɗan kifi mai rai a ƙugiya, kusan ko'ina an hana. In wanda bai kai ba ne ko na lokacin hani, ka zare ƙugiyar a cikin ruwa ka sake shi da gaggawa. In kuma babba ne irin wanda kuka kama, ka tambayi shugabannin kulob ɗin tun kafin ku fita me ƙa'idar wajen tace akan manya, don amsar Hambug daban ta Bavariya daban, kuma ko an yarda ka saki, kar ka tsaya ɗaukar hoto da awo ana jan lokaci, yawancin ƙararrakin da aka kai daga irin waɗannan hotuna suka taso.